Irin da Inna Ta Ƙi Dafawa

A wurinmu wutar daji suna biyu gare ta, kuma ba a musanya su. Idan manomi ya tara kara da ƙaya a gonarsa ya kunna da niyya, yana tsaye da ɗanyen reshe a hannu, wannan toyi ne. Idan wutar ta ƙwace ta tafi inda ba a aike ta ba, ta zama gobara. Ranar da wani maƙwabcinmu ya kira ni a waya, ina bakin aiki a gidan rediyo a Madawa, bai faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Cewa ya yi, “Wuta ta hau dutsen mata, kuma innarka na can bisa.” Sai wayar ta katse.

Dutsen mata wani gangare ne a bayan garinmu, cikin ƙasar Garhanga. Lokacin da nake yaro fako ne, jar tsakuwa kawai, ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Ruwan sama in ya sauka, gaba ɗaya yake gangarowa ya faɗa kwazazzabo, kwazazzabon kuma kowace damina sai ya ƙara matsowa wajen gidajen gefen gari. Namu ne na farko a gabansa. Da aikin raya ƙasa ya zo, maza sun tafi ci-rani, mata ne suka haƙa ramukan tare ruwa, suka jera duwatsu layi-layi a jikin gangaren. Wurin na dangin mahaifina ne. An ba matan aronsa ba tare da gardama ba, don babu mai so. Masu aikin suka gama suka tafi, mata suka ci gaba da tsaro, ƙasa ta taru a bayan duwatsun, ciyawa ta fito, kwazazzabo ya tsaya inda yake. Inna, mahaifiyata, ita ce shugabarsu.

Na shiga mota zuwa Buza, daga can na hau kabu-kabu. Bazara ce, iska mai zafi tana kaɗawa daga gabas. Tun kafin mu ga gari na ji ƙauri. Da muka karya kwana sai ga dutsen ya rabu biyu: ɓangaren yamma baƙi ƙirin, yana ɗan hayaƙi nan da can, ɓangaren gabas kuma, wanda yake daidai saman kwazazzabo da gidanmu, yana nan da busasshiyar ciyawarsa. Tsakaninsu akwai hanyar jakuna. A nan mata suka tsaya da rassan sabara suka yi ta dukan wutar har ta mutu.

Na iske Inna zaune a kan dutse, gefen zanenta ya ci wuta, gashin girarta ya babbake, tafin hannunta na dama ya tashi.

“Sannu, Inna.”

“Wa ya ce ka taho? Ka baro aikin mutane.”

“An ce kina bisa.”

“To ina kake so in kasance, ƙarƙashin gado?”

Ban tambaye ta inda wutar ta taso ba, don sawun a fili yake. Baƙin ya faro ne daga wata gona da ke gindin dutsen, ya haura. Gonar ta ƙanin mahaifina ce, wanda nake kira Baba. Shi ya ce ya yi toyi da safe, ya kashe da hannunsa, iska ce ta tono garwashi bayan ya tafi. Babu wanda ya ƙaryata shi, babu kuma wanda ya ce ya yarda. Da na koma aiki na karanta labarin, gobara na ce, don ita ce kalmar da ba ta ɗora wa kowa laifi.

Tsakanin Inna da Baba akwai wasan matar wa da ƙanin miji. Tun tana amarya yake kiranta “matata”, ita kuma tana ce masa “raggon miji”. Bayan rasuwar mahaifina wasan bai mutu ba, amma ya yi kaifi. Baba yana da ƴaƴa da yawa, gonarsa ta gaji, rumbunsa yakan ƙare tun kafin ruwan fari. Shekaru yana kallon baƙar ƙasar da ta taru a bayan duwatsun mata, kuma bai taɓa ɓoye cewa hatsi zai yi kyau a wurin ba.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar hakimi. Baba ya yi magana a tsanake.

“Ranka shi daɗe, kowa ya sani kakanmu da wuta ya samu wurin ga. Ya kunna, inda wutarsa ta tsaya nan iyakarmu ta tsaya. Mun ba mata aro don su tada itace, haka anka yi da mu. To ina itacen? Ciyawa suka tada, ciyawa kuwa abincin wuta ce. Jiya ta ci rabi. Wata rana gari za ta ci.”

Inna ta ce daga inda mata suke zaune, “Ai kai ka san wanda ya kai mata abincin har baki.”

“Matata, bari manya su gama.”

“Raggon miji, da manya na bisa jiya da ba mu ƙone hannu ba.”

Wasu suka yi dariya, amma gajeriya, don kowa ya san a maganar Baba akwai gaskiya. Itace bai taso a dutsen ba sai ɗaiɗaiku. Kowace shekara Inna takan aiko in karɓo mata ƙwayar bagaruwa wurin majeman Madawa, waɗanda ke daka kwanson su yi jima da shi su zubar da ƙwayar. Ni nake ɗauro buhun a mota. Mata su bi ramuka su shuka, damina ta zo ta wuce, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Ana cewa ƙasar ce ba ta karɓa.

Sai hakimi ya ce, “In an ɗaure damin hatsi na farko, zan hau da ƙafata. Inda na ishe itace ya tsiro, na mata ne. Inda ban ishe ba, a mayar wa masu shi su noma.”

Mata suka tashi suna ganin an ba su wa'adi ne a kan ɓangaren da ya ƙone. Ni aikina sauraron kalma ne, na lura hakimi bai ce “inda ya ƙone” ba. Na duba wajen Baba, na ga shi ma ya ɗaga kai. Na gaya wa Inna a hanya, ta ce in bar fassara, nan ba rediyo ba ne.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Duk lokacin da na samu hutu na zo, sai in iske Inna a ɓangaren yamma tana yawo cikin toka, tana kankare bawon ƴan itatuwan da suka ƙone da farce ko za ta ga ɗanye. Yawanci ba ta gani. Hannunta ya warke ya bar fari a tafin. Ba ta maganar wa'adin, amma ta daina cin abinci a zaune.

Da ruwan ya sauka, ya sauka da kyau. Aka yi shuka. Toka ta nutse, ciyawa sabuwa ta rufe baƙin, sabara da kalgo da aka ɗauka sun mutu suka tofo daga gindi. Wannan bai ba kowa mamaki ba, an saba gani. Abin da ba a saba gani ba aminiyar Inna ce ta fara ganinsa, wata mace mai ƙiba da saurin baki wadda suka yi aikin duwatsu tare tun farko. Ina gida ranar. Ta shigo ba sallama, tana haki.

“Taso ki gani. Ke, bar tsintsiyar nan, taso!”

Muka hau. A bakin kowane rami na ɓangaren da ya ƙone, ƴaƴan bagaruwa ne a jere, cunkus, kowanne da ganyensa biyu masu kauri da wani ɗan ganye mai tsaga-tsaga yana leƙowa a tsakiya. A wasu ramukan ba ka samun inda za ka sa yatsa. Irin shekara da shekaru ne ya tashi lokaci guda. Inna ta durƙusa ta shafa su da bayan hannu. Aminiyar ta rangaɗa guɗa, mata suka yi ta hawowa daga gonaki da fartanya a kafaɗa.

Guɗar ce ta kira Baba. Ya hau a hankali da sandarsa, ya duba rami ɗaya, ya duba na biyu, ya gyaɗa kai.

“Barka, matata. Wuta ta yi miki aikin da kinka kasa.”

“Ka gani da idonka. Sai ka nemi wata gonar.”

Baba ya juya. Ya tsallake hanyar jakuna ya shiga ɓangaren gabas, wanda wuta ba ta taɓa ba, ya sa sanda ya buɗe ciyawar bakin wani rami. Ƙasa ce kawai. Ya matsa gaba ya buɗe wani, ya buɗe wani. Guɗa ta tsaya.

“To nan fa?” in ji shi. “Hakimi cewa ya yi inda itace ya tsiro. Ɗanki na nan, shi ya san magana. Ko ba haka ya ce ba?”

Duk suka juyo suna kallona. Na ce, “Haka ya ce, Baba.”

Ɓangaren da mata suka ƙone hannu suka ceta shi ne yanzu zai tafi. Kuma shi ne mai muhimmanci. Wanda zai noma wurin sai ya kwashe duwatsu ya cike ramuka, daga nan ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, hanyar kuwa ta bayan ɗakin Inna ta bi.

Bayan Baba ya sauka, na sa wani tsinke na tona bakin ramin da ya buɗe. Ƙwayoyin suna nan. Wasu ƙwaro ya huda su, amma da yawa lafiyarsu lau, baƙaƙe, masu sheƙi, kamar jiya aka zuba su. Na sa ɗaya a haƙori, kamar na ciji tsakuwa. Na koma ɓangaren yamma na tona. Waɗanda suke a sarari sun zama gawayi. Waɗanda suka yi zurfi suna nan da taurinsu. Na tsakiya, masu zurfin gaɓar yatsa, su ne bawonsu ya tsage, su ne suka sha ruwa suka fito. Daga baya wani ma'aikacin gandun daji ya tabbatar mini da abin da na gani: bawon bagaruwa ba ya barin ruwa ya shiga, ƙwayar tana iya kwanciya shekaru tana jira, sai wani abu ya raunata bawon, ko cikin akuya ko zafin wuta mai saurin wucewa. Ya kuma ce wutar da ta daɗe a wuri, ko ta dawo a kan ƙananan tsiro, kashewa take yi.

A ranar dai ba ni na faɗi dalilin ba. Aminiyar Inna ce ta dube ta ta ce, “Ke kin san abin da munka yi.”

“Rufa mana baki.”

“Ba ni rufewa. Yaron ga shi ji. Tun zuwan masu aikin anka ce muna mu dafa irin kafin mu shuka. Tafintansu ya faɗa, ya sake faɗa. Munka ce to. Suna ba da baya munka jiƙa shi da ruwan randa. Kowace shekara haka.”

Na ce, “Inna, ni ma na sha karanta wannan a rediyo. A jiƙa shi da tafasasshen ruwa.”

“Na ji ka. Muryarka ta yi daɗi.”

“To me ya hana?”

“Tafasa da dafuwa duk tukunya guda ce. Ba a dafa iri.”

Wata matashiya ta ce to a sa wa gabas ɗin wuta mana, tunda wuta yake so. Aka yi mata ca. Ciyawa ɗanya ce, ba za ta kama ba, ko ta kama masu gandun daji ba za su bar kowa ba, kuma babu wadda ta manta ranar bazara. Hanya ɗaya ta rage, ruwan zafi, da ragowar buhu guda da ke ɗakin Inna. A lokacin majema ba su da sabuwar ƙwaya, sai bagaruwa ta sake nuna bayan kaka.

Inna ta ƙi. Na dawo wani hutun, hatsi ya kai gwiwa, ta ƙi. Na sake dawowa, ya kai ƙugu, buhun yana nan a jingine bayan ƙofa. Rannan tana tankaɗe a tsakar gida na sake tada maganar, sai ta ajiye rariya.

“Kai ba ka ga yunwa ba. Ina yarinya a Deule, anka yi shekarar da ba a girbe komi ba. Munka ci dusa, munka ci ganye. Damin iri na rataye cikin ɗaki, babana ya ce wanda ya taɓa shi ba ɗansa ba ne. Ran da ƙanwata ta daina kuka, shi da kansa ya sauko da damin. Uwata ta sussuka, ta zuba a tukunya, ta juya fuska bango. Munka ci. Da ruwa ya sauka ba mu da abin shukawa, munka bar garin da ƙafa. Ƙanwar tawa ba ta dawo ba.” Ta ɗauki rariyar. “Duk matan da kake gani bisa dutsen ga, kowace na da irin wannan a cikinta. Sai wani ya zo da mota ya ce mu dafa iri.”

Na san maganata daidai ce, na kuma san ba ta kai nauyin tata ba.

Abin ya ƙara lalacewa ta hannun aminiyar. Ta gaji da jira, ta zo ta ɗebi kwano biyu daga buhun ba da sanin Inna ba, ta zuba a tukunya ta bar shi a kan wuta yana tafasa kamar wake. Ta kwashe ta je ta shuka a ramukan kusurwar ƙasa, wajen hanyar jakuna. Da aka kwana biyu ta tona, sai ruɓa da wari. Ita da kanta ta zo ta faɗa, tana tsaye a bakin ƙofa kamar mai jiran duka.

Inna ta ce, “Kin dafa, kin gani. Allah shi ƙara.”

“To ke da ba ki dafa ba, mi kinka gani?”

Hatsi ya fara fitar da kai. Baba ya fara aiko ƴaƴansa manya su zaga gabas ɗin suna nuna wurare da hannu. Wata safiya ya tsaya a ƙofar gidanmu, muka gaisa, ya leƙa ya ce, “Matata, in na noma wurin, damin farko naki ne. Ba ni da rowa.”

“Ka kai wa kwazazzabo, shi za ya zama maƙwabcinka.”

Sai ya juyo ya ce da ni, ba da wasa ba, “Kai kana ganin mugunta ce. Je ka leƙa rumbuna.” Ban je ba, na san abin da zan gani.

Ranar da abin ya juya ba ranar gardama ba ce. Na zo da rana, Inna ta sa aka yanka mini kaza, abin da takan yi in ta ga na rame. Ina zaune a inuwar zaure ina kallonta. Ta tafasa ruwa, ta sauke tukunyar, ta zuba a kan kazar cikin roba, ta jujjuya ta, ta fara figa. Gashin yana fita a sauƙaƙe. Can sai hannunta ya tsaya. Ta sa farce ta tsaga fatar ƙirjin kazar, ta duba naman. Ɗanye ne, ja, ruwan bai kai gare shi ba. Ta daɗe tana kallo.

“Kai. Faɗa mani yadda kake faɗa a akwatin naka. Kalma kalma, kada ka ƙara.”

“A tafasa ruwa. A sauke daga wuta. A zuba a kan irin. A bar shi ya huce a ciki har gobe.”

“A sauke.”

“A sauke, Inna.”

“Irin ba ya hawa murhu.”

“Ba ya hawa.”

“Ashe ruwan figar kaza ne.” Ta jefa gashin da ke hannunta ƙasa. “Mi ya hana tun farko a ce ruwan figar kaza? Mutum ya yi lakwal, ya gama bokonsa, ya zo ya ce ma mata su dafa iri!”

Ba ta bari an gama girkin ba. Ta aika aka kira aminiyar da wasu mata biyu, ta jawo buhun, ta juye a babban kasko. Kafin komai ta ɗebi cikin tafi guda ta ƙulle a gefen zane, ta ce wannan ba za a taɓa shi ba. Ruwa ya tafasa, ta sauke da kanta, ta yi bisimilla. Da ta karkata tukunyar sai ta juya fuskarta wajen bango. Tururi ya tashi, ƙwayoyin suka yi wata ƴar ƙara kamar ana taka yashi. Aminiyar ta kama haɓa tana kallon kaskon.

Da gari ya waye ruwan ya yi ja kamar na majema. Inna ta tsoma hannu ta ɗebo. Fiye da rabi sun kumbura, sun ninka girmansu, farce yana shiga. Ta ɓare ɗaya, cikin fari ne, mai tauri, da ɗan ƙaramin baki a gefe. Ta shinshina.

“Bai dahu ba,” in ji ta.

A ranar mata suka hau gaba ɗaya suka bi ramukan gabas, daga saman kwazazzabo suka faro, don Inna ta ce in iri zai ƙare, ya ƙare nesa da gari. Ya kuwa ƙare kafin a kai kusurwar da aminiyar ta shuka dafaffen nata.

Sai ruwa ya ɗauke. Irin da ya riga ya sha ruwa ba ya komawa barci, ko ya fito ko ya mutu, kuma babu sauran wani. Sama ta yi fari, hadari ya taso da la'asar ya watse. Na koma Madawa ina karanta hasashen yanayi da muryar da aka koya mini, wadda ba ta nuna abin da mai ita yake so. A gida mata suka ɗora bido, wato jarkoki, a kan jakuna suna kai ruwan rijiya bisa dutse, kowane rami ɗan moɗa guda, ga aikin gona yana jiransu. Mazan gari suna kallo, wasu suna dariya, wasu suka ba da aron jakunansu ba tare da sun ce komai ba. An ce mini ɗaya daga cikin jakunan na Baba ne, matarsa ta kora shi ta bayan gida. Ban tambaya ba.

Ruwan ya dawo sau biyu, na ƙarshen damina. Da aka ɗaure damin farko aka aiko mini, na zo.

Hakimi ya hau da ƙafarsa kamar yadda ya ce, yana tsayawa yana hutawa, rabin gari a bayansa. A ɓangaren yamma bai ɓata lokaci ba, tsiron can ya kai taƙi, har ya fara ƙaya. Ya tsallaka gabas. Inna ta sa hannu ta buɗe ciyawar ramin farko. Suna nan, ƙanana ƙwarai, ganye biyu da ɗan na uku, wasu bawon irin yana maƙale a kansu kamar hula. Ba su yi yawan na yamma ba. Wani ramin uku, wani ɗaya, wani sai an durƙusa an nema.

Baba ya ce, “Ranka shi daɗe, wannan itace ne? Ko akuya sai ta sa tabarau ta gan shi.”

Hakimi ya durƙusa da kyar, ya kama ɗaya ya ja kaɗan. Bai tumɓuke ba, saiwar ta riga ta nutsa.

“Cewa na yi inda ya tsiro,” in ji shi. “Ban ce inda ya yi inuwa ba. Kai ka riƙe ni da maganata, to ga ta nan.”

Haka aka bi rami bayan rami, Inna tana buɗewa, hakimi yana dubawa, Baba yana biye. Har aka kai kusurwar ƙasa. Inna ta buɗe na farko, babu. Na biyu, babu. Aminiyar ta ja mayafi ta rufe fuska. Hakimi ya nuna da sanda daga hanyar jakuna zuwa wani kalgo, ya ce wannan ya koma ga masu shi. Wuri ne da zai ba da ƴan dammuna, kuma ruwansa ba ta kwazazzabo yake bi ba.

Inna ta dubi Baba. “Ka noma. Amma dutse ɗaya in ka ɗaga, ni da kai ne.”

“In na kwashe su ina zan samu ƙasa? Ni raggo ne, ba mahaukaci ba.” Ya juya zai sauka, sannan ya waiwayo. “Sai an jima, mai dafa iri.”

“Figa na yi. Je ka tambayi ɗanka bambancin.”

Da rani ya shiga, da yawa daga cikin ƙananan na gabas suka bushe, na yamma ma suka kashe juna da cunkoso. Waɗanda suka rayu sun isa. Yanzu akwai inda mutum zai tsaya a inuwa, kuma majeman Madawa sun fara aikowa a sayar musu da kwanso. Sunan da Baba ya laƙa mata ya bi ta, har jikoki suna faɗa in sun tabbata sun yi nisa da hannunta. Kowace kaka, kafin ciyawa ta gama bushewa, takan sa a share fili mai faɗi kewaye da dutsen, har ta gefen gonar Baba. Wani saurayi ya taɓa ce mata ai wuta ce ta tada dajin, me ya sa take tsoronta haka. Ta buɗe masa tafin hannunta na dama, ta ce ya ɗauki fartanya.

Bana ma ina nan ta sauke tukunya a kan sabon iri. Ta ƙulle cikin tafi guda a gefen zane tukuna, kuma da ta zo zubawa, bango ta kalla.